Zanen Fuskar Inna Tabawa

Akwai benci a ƙofar shagona a Agiye, gefen hanyar da ke zuwa tasha. Da la'asar samari kan cika shi, kowa da salularsa, wasu suna jiran caji, wasu inuwa kawai suka biyo. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu ya leƙo ciki, ya gan ni da abin sauraro a kunne ina ta maimaita magana guda ta wani dattijo. Ya yi dariya ya ce, "Baba Hamisu, har yanzu kana wahalar da kanka? Ai montaj, haɗa bidiyon nan naku, yanzu dannawa ne. Ka zuba hoto, ka danna, ya fito." Sauran suka goyi bayansa. Ban yi masa gardama ba, don rabin maganarsa gaskiya ce. Ɗaya rabin nake so in ba ku labarinsa, ku da kuke ganin duk wanda ya riƙe waya ya gama koyon sana'ar.

Aikin farko da aka bar ni na riƙe kamera, suna ne a wata ruga bayan Gangara. Maigidana a sana'a, Malam Idi, shi ya fara kawo kamerar bidiyo garinmu, irin babbar nan da ake ɗorawa a kafaɗa, a zura mata kaset mai girman bulo. Na daɗe ina bin sa da jaka da batir, ina goge gilashi, ina naɗe wayoyi, bai taɓa barina na sa ido a kamerar ba. Ranar nan zazzaɓi ya kama shi a hanya. Ya zauna gindin wani gawo, ya miƙo mini ita ya ce, "Kar ka bi mutane da ita kamar mai korar kaji. Ka tsaya wuri guda, ka riƙe numfashinka, su za su shigo maka."

Na tsaya kamar yadda ya ce. Aka raɗa suna, aka yi yanka, aka raba goro. Sai na juya kan uwar jaririn, ina jira ta kalli ɗanta ta yi murmushi, don haka na saba gani a sunan cikin gari. Ta kau da kai, ta ja mayafi. Na ci gaba da jira, kaset yana ta tafiya. Wata dattijuwa ta taɓa mini hannu ta ce da irin Hausarsu, "Ɗan fari ne. Ba ta dubansa gaban mutane. Ɗauki kakarsa." Da na waiwaya, ga kakar ta ɗaga jaririn sama tana yi masa waƙa da Fillanci, matan rugar suna amsawa. Saboda wannan wurin suka karɓi kaset ɗin da murna. Da Malam Idi ya kalla, ya ce na ɓata masa tef mai yawa a kan bayan mayafi. Sannan ya ce, "Kafin ka kunna kamera a gidan mutane, ka tambaya ka ji abin da su suke so a gani."

Montaj na wancan lokacin, da injin kaset biyu ake yin sa, muna ce musu manyeto. Ɗaya yana karantawa, ɗaya yana kwafa, kai kuma yatsanka a kan maɓalli, idonka a kan tele. Ka makara da dannawa, ka kwaso mutum yana tofar da goro. Ka yi gaggawa, ka yanke wa liman addu'a a tsakiya. Ba a komawa a gyara wuri guda, sai dai a sake tun daga inda aka ɓata. Kuma duk kwafin da aka yi, hoto sai ya ƙara dushewa. Shi ya sa Malam Idi yake naɗe kaset na asali da tsumma, ya sa a akwatin ƙarfe nesa da zafi. Ko mai biki ya zo da rantsuwa, kwafi zai samu. Ni ma da wannan hali na tashi.

Da ya tsufa ido ya rage, ya bar mini shagon. A hannuna aka shiga zamanin ordinater, wato kwamfuta, da faifan sede. Wajen wani mutumin Maradi na koyi yanka hoto a kan allo, ina zuwa ina dawowa a taksi ranakun da babu biki. Shekarun nan an yi aiki. Amare, ƴan kokowa, walimar saukar karatu, masu dawowa daga hajji, ƙungiyoyin manoma da ke son a nuna yadda suke barin itace ya tashi a gona. Kowa da abin da yake nema. Ɗan kokowa ba ya son a daɗe a kan faɗuwarsa. Uwar amarya fuskoki take bi: idan dangin miji sun fi nata fitowa, faifan zai dawo maka kafin ka rufe shago. Alhaji yana so a tsaya a kan motarsa, amma ba zai faɗa ba, sai dai ya ce hoton bai yi haske ba. Manomi kuwa idan ka ɗauki gonarsa daga gefen da hatsi ya yi rauni, ba zai sake kiranka ba. Irin waɗannan a wajen mutane ake koyonsu, da kunya da maimaici.

Shekarar da ta fi ba ni wuya da abu biyu ta zo. Ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da hatsi yake shirin fitar da kai, mutane suka ɗage bukukuwa, wanda ma ya yi ya taƙaita. A daidai lokacin salula mai kamera ta cika gari, kowane gida akwai ɗan'uwa mai ɗauka kyauta, injin sede kuma idan ya lalace ba mai kai shi gyara. Ni a tunanina in tsere wa waya, sai na sayar da san nomana na sayo sabuwar kamera daga ƙetaren iyaka, mai aiki da kart maimakon kaset. Hotonta kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum. Na ɗauki wani ɗaurin aure da ita a Gazawa, na dawo na zura kart a ordinater, sai manhajar da nake montaj da ita ta ce ba ta san wannan irin hoto ba. Da na yi dabara ta buɗe, hoton ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar amalanke a yashi, murya a gaba, baki a baya. Ango ya yi ta zarya har ya gaji, a ƙarshe na kai kart ɗin Maradi aka yi masa a can. Labari ya zagaya cewa Hamisu ya sayi kamerar da ta fi ƙarfinsa, kuma ba ƙarya aka yi mini ba. Na mayar da ita kwalinta. Na sa panno mai ba da wuta daga hasken rana a rufin shago, na koma cajin waya da zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a kart. Da rani kuma na bi masu sayen wake kasuwa-kasuwa ina ɗinke musu bakin buhu.

Rakiya ce ta fito da kamerar daga kwali. Ɗiyar ƙanena ce, ta yi lakol, karatun boko, a Maradi, ta yi aiki a wani gidan rediyo na can tana gyaran sauti, sannan aure ya dawo da ita Agiye. Wata safiya ta shigo da ordinater ɗinta a jaka ta ce, "Baba, an sabunta manhajar nan taku. Ba ni hoton nan da ya gagare ka."

Na ce mata na gaji da sababbin abubuwa.

Ta ce, "Zauna dai ka gani, ba sai ka saya ba."

Ta zura, ya buɗe nan take. Ta nuna mini yadda sabuwar take yi. Idan hoto ya yi wa inji nauyi, sai ta yi masa ƙaramin kwafi mara nauyi, ka yi duk yanke-yankenka a kansa hankali kwance. Sai ka gama ta koma ta ɗauko na asali, wanda muke kira ɗanyen hoto, ta fitar da aikin da shi. Abin da ya durƙusar da ni ke nan, ta warware shi shayina bai huce ba. Na ce ta maimaita. Ta maimaita, sannan ta tashi ta ba ni kujerar. Ni da na koya wa mutane riƙon kamera, na koma ina tambayar ɗiyar ƙanena ina ake dannawa, kuma ba ta taɓa nuna gajiya ba.

Aikin farko da muka yi tare kokowar bayan girbi ce a Gazawa. Ina gefe guda da kamera a kan ƙafa uku, sai ƴan kallo suka miƙe tsaye daidai lokacin kaye, suka rufe ni. A da shi ke nan, an rasa. Rakiya ta bi samarin da ke filin ta karɓi abin da suka ɗauka da wayoyinsu, wani a tsaye, wani a kwance, wani hannu na rawa. Manhajar ta saurari kiɗan da ke cikin kowane hoto, ta jera su daidai da juna da kanta. Ta kwantar da rawar hannun, ta daidaita launi, har sai ka ƙura ido kake gane wanne ne na waya wanne ne na kamera. Kayen ya fito ta kowane gefe. Daga ranar na daina jin haushin masu waya. Yanzu idan na je biki, ni nake roƙonsu kar su goge.

Akwai kuma abin da ke tsame muryar mutum daga cikin hayaniya, ya ajiye iska da kukan inji a gefe. Akwai mai gyaran fuska, wanda ke share ƙuraje da gumi da tamoji. Amare sun so wannan ƙwarai, har muka bar shi a kunne kullum tunda yawancin aikinmu na biki ne. Rakiya tana shiga ɓangaren mata inda ni ba na shiga. Shago ya farfaɗo, na sauke allon cajin waya daga gaba na mayar da shi gefe.

Aikin da nake so ku ji da kyau, Lawali ne ya kawo shi. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, ɗan unguwarmu, yana kai albasa Kumasi ta ƙasar Gana. A zangon can akwai wani tsoho da ake kira Alhaji Musa, wanda duk direban Nijar da ya sauka sai ya aika a kira masa shi, ya tambaye shi ko ya san Cadakori, yankin da ya fito. Ya gaya wa Lawali sunansa na gida Nomau. Ya bi fatake yana saurayi, ya zauna a can yana cinikin goro, da ya aika a duba masa gida bayan shekaru aka ce ƙauyensu ya watse a wata yunwa. Ya ce ya baro yaya mace mai suna Tabawa. Lawali ya riƙe maganar. Ya yi ta tambaya a kasuwar Cadakori har aka kai shi wani ƙauye, gidan wata tsohuwa Tabawa, wadda ta ce tana da ƙane Nomau da ya tafi kudu bai dawo ba.

To amma ƴaƴan Alhaji sun sha ganin masu zuwa da da'awar dangi, sun daina yarda da baki. An gwada kiran waya mai hoto, rezon ƙauyen, layin waya mara ƙarfi, ya farfasa fuskar tsohuwar gida-gida, ga kunnenta ya yi nauyi, tana ta ɗaga murya ba ta jin amsa. Babbar ɗiyar Alhaji, Hawa, ta ce a aiko da bidiyo mai kyau mahaifinta ya gani da idonsa. Lawali ya ce da ni, "Baba Hamisu, a yi da wuri. Mutumin nan ba kullum yake iya tashi zaune ba."

Muka tafi mu uku, ni da Rakiya da Lawali, taksi zuwa Maradi, wata zuwa Cadakori, sannan kabu-kabu. Inna Tabawa ƴar ƙaramar tsohuwa ce, Bagobira, zanen gidansu ya taso daga gefen baki ya bazu har kunne, tsufa ya cakuɗa shi da tamoji. Mun tarar tana ɓare gujiya. Rana ta yi ƙarfi, muka zaunar da ita a rumfa. Iska na kaɗa zana, injin niƙa na maƙwabta yana kuka, mai injin ya ce ba zai kashe ba, mata na jira. Rakiya ta maƙala mata ƙaramin mikro a wuyan riga. Inna ta dubi kamerar ta ce, "Mi kaka so in ce ma wanga abu?"

Na ce, "Inna, ba da abin za ki yi magana ba. Ki ɗauka Nomau ne zaune a inda nake."

Ta kalle ni, sannan ta fara. Ban tsayar da ita ba ko sau ɗaya. Ta kira sunan uwarsu da na ubansu, ta faɗi rijiyar da ke bakin garinsu, ta faɗi ranar da ya tafi da butar duma da ta cika masa da fura. A ƙarshe ta ce, "Nomau, in kai na, ka yi magana. Duk sun tahi, ni ɗai na rage."

A shago Rakiya ta tsame muryar. Kukan injin niƙa ya ɓace kamar an kashe shi, har numfashin tsohuwar ana ji. Ta buɗe duhun rumfar, fuska ta fito fes. Ni hankalina duk yana kan maganar, inda zan cire tari, inda zan bar shiru yadda yake. Muka fitar da aikin. Lawali ya kalla a wayarsa ya ce, "Kai, Inna ta koma yarinya!" Muka yi dariya, ya aika.

Amsa ta zo da muryar Hawa, a ladabce amma a bushe. Ta ce Baba ya kalla, ya ce maganganun duka daidai ne, amma magana ana iya koya wa mutum. Ya ce yayarsa tana da zanen gidansu irin nasa, wannan kuwa fuskarta sumul take. Ta roƙa don Allah kar a sake tayar masa da hankali.

Lawali ya shigo shago da wayar a hannu, ransa a ɓace. "Yaya za a ce ba ta da zane? Da idona na gani!"

Rakiya ta riga mu ganewa. Ta buɗe aikin, ta faɗaɗa fuskar ta cika allo, ta kashe mai gyaran fuska. Zanen ya dawo. Ta kunna, ya tafi. Injin ya ɗauki zanen Gobir a matsayin tabo da tamoji, ya share shi kamar yadda yake share ƙurajen amarya. A ƙaramin kwafin da muke aiki da shi, cikin inuwar rumfa, babu wanda ya lura a cikinmu.

Ta ce, "Baba, waɗanda suka ƙera abin nan ba su taɓa ganin Bagobira ba."

Na ce, "Mu ai mun gani. Mu ne za mu duba."

Ɗanyen hoton yana nan a ajiye, ban goge ba. Muka sake fitar da aikin da zanensa, Lawali ya aika tare da bayani. Wannan karon Hawa ba ta daɗe ba ta amsa. Ta ce, "Jiya babu zane, yau akwai. Injin da ya iya cirewa ai ya iya sawa." Lawali ya so ya yi faɗa, na hana shi. Matar nan gaskiya ta faɗa, kuma mahaifinta take karewa. Na karɓi wayar na yi mata magana da kaina. Na ce ni ne mai ɗaukar, kuskuren daga shagonmu ya fito, ba daga tsohuwar ba. Na ce ta tambayi Alhaji abin da yake so ya gani, kowane ne, mu koma mu ɗauko masa a tafiya guda, ba yanka, ba gyara, da Lawali da ta sani tsaye a ciki. Ta ce za ta yi shawara. Washegari ta aiko da magana gajeriya: Baba ya ce ta juya masa kumatun hagu, a matso kusa da kunne. Bai faɗi dalili ba.

Muka sake kama hanya. Da muka isa, Inna Tabawa ta ce sai an nuna mata abin da aka fara aikawa. Rakiya ta buɗe mata. Ta kawo fuska kusa da allo, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Wagga wace ta?"

Rakiya ta ce, "Ke ce, Inna."

"A'a. Kyakkyawa ta, amma ba ɗiyar gidanmu ba ta." Matan gidan suka fashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Kun aika ma ƙanena da baƙuwa."

Na ce, "Haka ne, Inna. Shi muka zo gyarawa."

Wannan karon ban sa ta a rumfa ba. Na jira rana ta karkata, na zaunar da ita a fili inda haske zai bi ta gefen fuska, don zane a hasken gefe yake fitowa. Injin niƙa yana kukansa, na bar shi. Lawali ya tsaya kusa da ita ya gai da Alhaji da Hawa, ya faɗi saƙon da aka aiko. Na kunna ban kashe ba, na matsa a hankali da ƙafata har kumatunta ya cika gilashi. Kamerar nan da ta taɓa gagarata, ranar ta yi amfaninta: kowane layi ya fito, har da guda ɗaya kusa da kunne da ya kauce wa sauran ya karkace. Inna ta kai yatsa ta ɗora a kansa, ba wanda ya ce ta yi. Ta ce, "Wanga karkatacce yaka nema. Innarmu ta ce motsi na yi a hannun wanzami. Da shi yaka yi mini ba'a muna yara. Nomau, har yau ba ka bari ba?"

Hoton ya yi nauyi, rezo ba zai ɗauke shi ba. Rakiya ta rage masa nauyi a nan cikin gidan, da wani sabon tsari na manhajar da ke matse hoto ba tare da ya taɓa fuska ba, ta kashe duk wani mai gyara. Muka duba shi mu biyu a faɗaɗe, layi-layi. Sai da muka fito garin Cadakori muka samu rezo, sannan ya tafi.

Tun daga wannan aikin, a shagonmu babu abin da ke zama a kunne da kansa. Amarya ta ce a gyara mata fuska, a gyara. Dattijo ko dattijuwa kuwa sai na tambaya, kuma kafin aiki ya fita sai na cika allo da fuskar na kwatanta ta da ɗanyen hoto. Kayan nan na yanzu alheri ne, ba na musu. Murya da a da ta mutu cikin iska, yau ana ceto ta. Hoton da ya yi duhu ana buɗe shi. Tsofaffin kaset ma mun fara juyo su muna wanke su, mutane suna zuwa su ga iyayensu da suka rasu suna tafiya suna dariya. Amma injin abin da ya saba gani yake sani. Wanda bai saba ba, ɓarna yake ɗaukarsa. Kai da ka je gidan, ka sha ruwansu, ka ga mutumin da idonka, kai ne za ka ce masa ya bar wannan.

Amsar Kumasi da bidiyo ta zo, Hawa ce ta ɗauka da waya, a tsaye. Ga tsoho a bakin gado, an jingina shi da matashi, zane iri ɗaya a kumatunsa. Ya riƙe wata wayar dab da ido. Ya bi allon da yatsa, sannan ya kai yatsan kumatunsa. Bakinsa ya yi ta motsi kafin murya ta fito. Ya ce, "Yaya." Ya sake cewa, "Yaya Tabawa." Daga bayan wayar aka ji Hawa tana cewa, "Gwaggo, ki yafe mana."

Muryar tsohon ta yi ƙasa ƙwarai. Rakiya ta ɗaga ta kaɗai, ba ta taɓa komai ba, muka kai ƙauyen. Ta sa wa Inna abin sauraro a kunne. Tsohuwar ta saurara, ta ce a mayar, aka mayar. Ta cire abin ta ajiye a cinya ta ce wa matan da suka kewaye ta, "Muryar babanmu ya ɗauko."

Alhaji ba ya iya doguwar tafiya, don haka Inna Tabawa ta ce ita za ta je. Wadda ba ta taɓa wuce Maradi ba. Jikokinta suka yi ta lallashi ta bari, ta ce wanda zai raka ta ya shirya, wanda ba zai raka ta ba ya matsa. Aka yi mata takardu, Hawa ta shirya musu mota, Lawali ya ajiye kamyonsa ya ce shi zai kai ta har ƙofar gida tare da jikanta guda. Ranar tafiyar na same su a tashar Maradi da safe, da kamera a kafaɗa. Ta ɗaure ƙullin gero da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta hana kowa ɗaukar mata. Da ta sa ƙafa a matakalar mota sai ta hango ni. Ta tsaya, ta gyara ɗaurin kallabi, ta juyo mini kumatun hagu.

Ta ce, "Hamisu, ɗauke ni da kyau. Kar ka share komi."